Injin da Bai Shiga Zaurena Ba

Wannan babin naki ne, Balkisa, ko da yake yayyenki ma su karanta. Ke ce auta, ke ce kuma mai bakin gidan nan. Na sha jin ki kina faɗa wa baƙi cewa ƴan makarantar da suka ci tuwon innarku shekara da shekaru sun samu inji sun juya mini baya. Duk sanda kika faɗa sai in yi shiru, ke kuma ki ɗauka na yarda ne. Ban yarda ba. Labarin ne ban iya bayarwa a gaban mutane, don na san muryata za ta ba ni kunya a tsakiya. Lokacin da abin ya faru kina Damagaram wajen karatu, sai hutu kike zuwa. Kika zo kika tarar da zaure wayam ran Asabar, kika yanke hukuncinki ba ki tambayi kowa ba, halinki ke nan tun kina rarrafe. To, ga yadda aka yi.

Kun san kimiyya na koyar a lisen Madarumfa, babbar sakandaren garin nan, har na aje aiki. A shekarun ƙarshe wasu ɗalibaina suka ga robo a salula, irin ƴan motocin nan da hannuwan ƙarfe masu aiki da kansu idan an tsara musu umarni, suka dame ni sai mun ƙera namu. Makaranta ba ta da ɗakin da zai kullu, ga kuran, wutar lantarki, kuma yau akwai gobe babu, ni kuwa ina da pano mai aiki da hasken rana a kan rufi da bateri, sai muka mai da zauren gidan nan wajen aiki. Ko da na aje aiki ƙungiyar ba ta tashi daga nan ba. Wasu su gama su tafi, ƙannensu su maye gurbi. Mun ƙera mai bin layi, mun ƙera mai auna zurfin tabki wanda ya nutse a gaban masunta suka yi mana dariya har da riƙe ciki, mun ƙera wanda ke buɗe wa lambu ruwa idan ƙasa ta bushe. Abin da ya shafi ordinater, wato kwamfuta, yaran sun wuce ni tun da wuri, ban kuma taɓa musu ba. Amma yankan kaya nawa ne. Kakanku masassaƙi ne, turmi da ƙotar fartanya yake yi, kuma a hannunsa na koyi bin layi da zarto da gyaran baki da magagari. Duk gangar jikin robo, duk faifai mai haƙora da ke juya ɗan'uwansa, ni nake fitar da shi daga falanki ko roba. Ina alfahari da wannan, alfahari mai yawa ma, innarku shaida ce.

Sai hannun dama ya soma rawa. Da farko kofin shayi ne ke ƙara a kan faranti, na ce sanyi ne. Daga baya layi ya fara kauce mini. Lokotoro a Maradi ya faɗi sunan ciwon, ya ba ni ƙwayoyi, ya kuma gaya mini gaskiya cewa za a iya rage masa gudu amma ba zai koma baya ba. Innarku kaɗai na faɗa wa. Game da yaran kuwa sai na ɓullo da dabaru. Na koma yin yanka a tsakiyar mako da safe, babu kowa, in ɓata biyu in samu ɗaya, ran Asabar su tarar da kaya a jere. Idan suna nan, hannun yana cikin aljihun riga, da hagu nake nuni. A raina ina ganin babu wanda ya kai ni wayo a duk faɗin Madarumfa.

A shekarar da nake ba ku labari, manyan ƙungiyar biyu ne. Akwai Nafisa, ƴar wani manomi daga Safo da ke zaune wajen gwaggonta a nan gari, ita ce shugaba, kuma idan ta kafe a kan magana sai dai a bi ta a hankali. Akwai Sanusi, ɗan masunci, mai shiru-shiru, shi ke haɗa kaya idan na yanka. Sun je gasa Yamai da wani robo mai hannu da ke ɗaukar kaya, ana tsakiyar gwaji hannun katakon ya tsage ya faɗi a gaban alƙalai. Na sauran makarantu duk na alminiyam ne, inji ya yanka musu sumul. Labarin ya kai kunnen tsofaffin ɗaliban lisen da ke aiki a waje, suka aiko cewa za su saya wa ƙungiya injin sassaƙa, wanda ake kira CNC. Inji ne da ake zana masa abu a ordinater, shi kuma ya ɗauki wani ɗan haƙori mai juyawa da gudu ya bi zanen a kan katako ko roba ko ƙarfe marar tauri, ba ya kauce wa layi ko da sau ɗari za a sa shi. Suka turo hotunan iri biyu da bayaninsu, suka ce mu zaɓi ɗaya kafin a tafi hutun damina.

Ɗaya ƙarami ne, zai zauna a kan teburin zaurena, panona ma ya ishe shi. Yana cin falanki da roba lafiya lau. Ɗayan babba ne, mai gangar ƙarfe da akwatin da ke rufe shi don kada ɓarɓashi ya shiga idon yaro, yana son daɓen siminti da kuran mai ƙarfi wanda ba ya ɗaukewa. Babu inda zai zauna a garin nan. Sai dai a kai shi wata cibiyar koyon sana'a a Maradi, inda wani matashin malami, Mushe Iliya (Mushe ake ce wa malamin boko a nan, ni ma haka yaran ke kirana), ya ce zai ba shi ɗaki ya kuma karɓi ƙungiyar duk Asabar. Wato in an zaɓi babba, yara sun tashi daga zaure ke nan.

Na tara su na ce zaɓin nasu ne, amma su yi shi da ilimi, ban da son ido. Su duba faɗin abin da kowanne zai iya yankawa, su auna da mafi girman abin da muke ƙerawa. Su bincika ko ana samun haƙoransa a Maradi, ko a tsallake Ɗan Issa a samo a Katsina, don haƙori karyewa yake yi. Su ga wane ne ɗan aji na ƙasa zai iya tsayawa kusa da shi ba a ji tsoro ba. Sama da komai su duba ƙarfin gangar jiki. Ni kam na riga na gani. Akwai wani ɗan bidiyo da aka turo na ƙaramin yana gwada cin alminiyam, yana taɓa ƙarfen duk jikinsa ya ɗauki kyarma, bakin yankan ya fito kamar ɓera ya gaigaye shi. Ba na bukatar a gaya mini abin da kyarma ke yi wa layi. Babban ne nasu, kuma na san su ma za su gani, don ba wawaye na koyar ba. Na soma shirya zuciyata.

Da Asabar ta zagayo suka zauna a tabarma kamar masu neman aure, Nafisa ta yi magana a madadinsu.

"Mushe, mun yi shawara. Ƙaramin munka zaɓa. Shi ad daidai da mu."

Na tambayi dalili. Ta jero su tsaf: yana aiki da pano, ba ya da wuyar koyo, ga wahalar hanyar Maradi. Sauran suka gyaɗa kai tare. Na dube su, sai na ce a raina, ai ga abin da yake. Iyaye ne ba su yarda ƴaƴansu mata su riƙa shiga mota duk mako ba, yaran kuma suna jin nauyin su ce gidajensu ne suka hana. In na matsa da tambaya zan tona musu asiri a gaban juna. Sai na yi musu kara, na ce Allah ya sa haka ya fi alheri, zan sanar da masu sayen. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi ya kama ni har cikin ƙashi. A ranar na ci tuwo har na nemi ƙari, na kuma shiga auna inda zan ja tebur don inji ya samu iska.

Innarku ta bar ni na yi ta murnata ƴan kwanaki. Kun san yadda take da yaran nan. Ni suna jin nauyina, ita kuwa ƴan matan cikin gida suke shigewa su taya ta tsinke zogale, abin da ba ya faɗuwa a zaure a gindin murhu yake faɗuwa. Wata safiya ta kawo mini koko, maimakon ta koma sai ta ja kujera ƴar tsugune ta zauna. Ta tambaye ni ko na riga na aika da amsa. Na ce yau nake niyya. Ta ce in dakata in ji. Baban Nafisa da kansa ya zo daga Safo a kan amalanke ya ce ya yarda da tafiya Maradi, sauran iyayen ma babu wanda ya hana, har wani mai mota a cikinsu ya ce zai riƙa kai su. Na ce to, me ya sa suka ce hanya?

"Malam, kai kana ganin ka iya ɓoyo? Ɗiyan nan sun san da hannunka tun bara. Abin da ka yanka, Sanusi ka sa shi cikin jaka ya tahi da shi gida, ya aro magagari wurin maƙeri ya daidaita, ya maido ka ga kamar haka nan ka yi shi."

Na ajiye ludayin. Sannan ta ƙarasa a hankali.

"Sun ce in inji ya tahi Maradi, mi za ka tashi ka yi ran Asabar? Shi ya sa."

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Kunya ce ta fara zuwa, mai zafi, har na ji haushin Sanusi, yaron da bai yi mini komai ba sai alheri. Na fita ba tare da na shanye kokon ba, na bi ta cikin lambuna har bakin tabki na zauna a gindin wata bishiya ina kallon masunta suna gyaran koma. A nan kunyar ta lafa, wani abu ya maye gurbinta wanda ya fi ta nauyi. Yara ƙanana sun zauna sun ƙirƙiro dalilai, sun haddace, sun yarda su sake zuwa Yamai da hannun katako ya sake karyewa, don kada wani tsoho ya rasa abin yi. Ni kuma na karɓi ƙaryar tasu da hannu biyu ina zaton ni nake rufa musu asiri. Su suna yi mini kara, ni ina yi musu, da innarku ba ta shiga tsakani ba da mun sayi injin da babu mai bukatarsa a cikinmu, kowa yana ganin ya kyauta wa ɗan'uwansa.

Abin da ya fi wuya shi ne yadda zan warware. A tarbiyyarmu, in mutum ya rufa maka asiri ba ka nuna masa ka gane, shi ne godiyar. In na ce musu na sani, na zubar musu da abin da suka daɗe suna tattali. In kuma na ce kawai na canza shawara, Nafisa za ta kafe, ta ƙaro wasu dalilan. Zuciyata ma ba ta taimake ni ba, tana ta raɗa mini cewa ƙaramin ai ba laifi, a fara da shi mana, in ya so nan gaba a ga abin da Allah zai yi. Na san ƙarya take yi. Irin wannan kyauta sau ɗaya take zuwa makarantar ƙauye.

Ran Asabar na samo wani ɗan sillen alminiyam na ajiye a tebur, na tambayi Nafisa yadda ƙaramin zai yi da shi. Ta ce za a bi shi a hankali. Na ce bakin yankan fa? Ta ce za a gyara da hannu. Na ce hannun wa? Ta sunkuyar da kai. Na ga muna neman komawa gidan jiya, sai na zaro hannun daman daga aljihu na shimfiɗa shi a kan tebur a gabansu. Na bar shi ya yi abin da yake so. Ya yi ta bugun katakon har ƴan ƙusoshin da ke cikin gwangwani suka ɗauki ƙara. Kowa ya rasa inda zai sa ido.

"Ku dube shi da kyau," na ce. "Kun gan shi, ni ma na gan shi. Allah shi yi muku albarka da abin da kunka yi niyya. Amma ban koya muku karatu don ku zamna gadin tsoho ba. Babban za a saye."

Can Sanusi, wanda kan yi wuni bai ce uffan ba, ya ɗago da idanu jajur.

"Mushe, to kai hwa?"

Na ce masa ni ina nan, gida bai tashi ba, duk mai son gaisuwa ya san hanya. Na kuma ce magagarina na ba shi, tunda na ji labarin yana yawon aro. Aka yi ƴar dariya mai haɗe da hawaye, shi kuma ya rufe fuska da hula. A nan take na sa Nafisa ta rubuta amsar da salularta ta aika a gabana, don ban amince wa kaina in kwana da maganar ba.

Sun roƙe ni in riƙa bin su Maradi, mai motar ma ya ce kujerar gaba tawa ce. Na ce za a duba, amma na riga na yanke ba zan je ba, kuma wannan ne abin da ba ki sani ba, Balkisa. Mushe Iliya sa'an yayanku ne. Ya zo har gida ya gaishe ni, ya tsuguna, yaro mai ladabi, ɗan gidan wani fasto a Maradi. Ina ganinsa na san in na zauna a ɗakin nan, duk tambaya ni za a kawo wa, in na yi kuskure shi ma kara zai yi mini ya haɗiye abin da ya sani. Da mun ɗauki cutar zaure mun kai ta Maradi. Shi ya san injin, ni a hoto na san shi. Dole yaran su koyi kallonsa shi.

Abin ya ci ni, ba zan ce bai ci ni ba. Asabar ta zama doguwar rana. Na yi kewa, har kishi na yi idan na ji suna cewa Mushe Iliya ya ce kaza. Da farko sukan biyo da yamma idan sun sauka daga mota, su baje mini abin da suka yanka in shafa da hagu. Sannu a hankali zuwan ya ja baya, jarrabawa ta matso, manyan suka gama suka tafi jami'a, ƙananan da suka shigo bayansu ba su san ni ba sai a labari. Ba butulci ba ne. Haka makaranta take, ni ma haka na yi wa malamaina.

Amma bari in ba ku ranar da aka fara yanka. Da hantsi ne, ina zaune ni kaɗai a zaure, sai salula ta yi ƙara. Nafisa ce, ta ce in saurara. Na ji sun yi bisimilla tare, sai inji ya ɗauka, wani siririn kuka mai daɗi. Na kira innarku ta zo ta ji. Ba a jima ba sautin ya canza, ya koma gurnani da kakari, aka kashe. Na ji an ajiye salular a kan wani abu mai tauri, muryoyi suka yi nisa. Ta manta ba ta katse ba. Ina jin su suna gardama, baki ya fito da kaushi, ƙarfe ya manne wa haƙori. Mushe Iliya ya ce shi ba zai faɗa ba, su gano da kansu. Ni kuwa tun daga sautin na san matsalar, don ko da zarto haka take. Na kafa baki a salula ina ta faɗi, innarku ta ce in bar wahalar da kaina, babu mai ji na. Sai na ji muryar Sanusi yana cewa a kira Mushe na gida a tambaye shi.

"Bari tukuna," in ji Nafisa. "In mun kira shi mi zai ce? Cewa zai yi, kun cika haɗama, kun ci da yawa lokaci guda. A rage zurhi, a bi shi sau da yawa."

Sai dariya ta tashi, wani har yana kwaikwayon tarina. Suka rage zurfin. Inji ya sake ɗauka, wannan karon sautin ya miƙe sumul bai yi gargada ba. Innarku ta tambaye ni ko ta kashe. Na ce ta bar shi. Ta zauna kusa da ni a tabarma muna sauraron yara suna aiki a wani gari, babu wanda ya sake ambatona, har katin Nafisa ya ƙare layin ya yanke.

"Sun iya," in ji innarku.

Sai hawaye suka zubo mini. Ban taɓa jin daɗi da zafi sun haɗu mini wuri ɗaya kamar a wannan hantsin ba. Kuma da za a mayar da ni baya a sake ajiye mini hotunan nan biyu a tebur, babban zan sake nunawa, ko da yatsan yana rawa.